Idon Haruna na Hagu

Haruna sunansa. Na fara da rubuta sunan ne don bakina bai saba faɗinsa ba. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifin maigidana aka sa masa, kunya biyu a kan yaro ɗaya. "Yaron nan" nake ce masa, ko "wancan". Amma alƙalami ba ya jin nauyin kowa, shi ya sa yau zan ambaci kowa da sunansa: ni Rakiya, mai rumfar albasa a babbar kasuwar Malanbil, maigidana Idi, manomin shinkafa, wanda kan hau kabu-kabu in aikin fadama ya yi sauƙi, sai mahaifiyarsa, Inna Kulu, da ke zaune a Madekali, bakin kogi. Ina rubuta abin da ya same mu ne don wata uwa ta ji tun da sauran lokaci. Ni ban samu wanda ya gaya mini ba.

Idi ido ɗaya gare shi. Haka na gan shi, haka na so shi, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Kowa a Madekali ya san labarin: yana ɗan shekara biyu, yana wasa a cikin jirgin kamun kifin ubansa, ƙugiyar mamari ta soke masa idon dama, aka kai shi Yamai likitoci suka cire. Da labarin nan ya girma, da shi aka ɗaura mana aure.

Haruna na da shekara ɗaya da wata huɗu na gane ina da wani cikin. Mata suka ce nono ya ɓaci, a cire shi. Aka kai shi Madekali yaye wurin kakarsa, kamar yadda ake yi wa kowa. Wata uku ya yi can. Na je sau huɗu, kuma a duk zuwan nan ban ɗauke shi na dubi fuskarsa ba. Ina zan iya, a gaban suruka? In ya rugo ya kama zanena sai in ture shi da gwiwa ina dariya, in ce a janye mini wannan. Abin da na lura da shi kawai, kullum idanunsa sun sha kwalli raɗau. Har na ce a raina, tsohuwa ta samu ango tana ta yi masa kwalliya.

Da Babbar Sallah aka kawo shi gida. Ƙanwata ta ɗauke shi hoto da salula a cikin ɗaki, fitilar salular ta haska fuskarsa. Ta duba hoton, ta miƙo mini tana dariya.

"Yaya, dubi idon ɗanki awa na mussa."

Idon hagu yana nan yadda aka san ido. Na dama kuwa, tsakiyarsa fari fat, yana ƙyalli kamar na kyanwa a lungu. Ta sake ɗauka, haka. Ta juya shi wajen ƙofa ta sake, haka. Ban yi dariya ba. Ran nan na fara riƙe kan yaron nan da hannu biyu ina duban cikin idonsa.

Makon farko na masu shawara ne, kuma ba mu rasa su ba. Wata ta ce a tatsa masa nonon mai jego. Wata ta ce baki ne, yaron ya cika kyau, a nemo rubutu. Maƙwabciyar rumfata ta ce yanar ido ce, akwai wani mai cire ta a hayin kogi, ko minti goma ba ya yi. Allah ya taimake ni ban bi wannan ba, sauran kuwa duk na yi. A ƙaramin asibitin unguwarmu aka ba mu maganin ɗigawa. Mako na biyu idon ya fara karkacewa yana kallon hanci. Mako na uku ya yi ja, yaron ya dinga murza shi yana kuka, ya ƙi abinci. Muka tafi Kandi. Mai duba ido na can ya haska da 'yar fitilarsa, na ga fara'arsa ta ɗauke. Ya rubuta takarda ya ce Paraku, kuma kada mu tsaya jiran komai. Da gadar Gaya ta kan iyaka a buɗe take da Yamai muka nufa, inda muke da dangi, amma lokacin a rufe take. Sai da muka ƙara mako guda kafin Idi ya sayar da shinkafar da muka ajiye ta ci, muka hau mota mu huɗu: ni da cikina wata shida, Idi, yaron, da Inna Kulu, tunda ita ya saba da ita.

Kwana uku muka yi muna layi a Paraku. A ce maka ba wannan ƙofar ba, waccan. Ka je waccan a ce ina katinka, ka yanko kati ka dawo a ce likita ta shiga tiyata, sai gobe. Duk rubutun bango da Faransanci, nawa kuma na lakwal ɗin firamare ne, ya daɗe da tsufa. Allah ya saka wa wata mai koko ta unguwar Zango da alheri. Ta ji muna Hausa a bakin asibiti, ta kai mu zaurenta, ko sunan garinmu ba ta tambaya ba sai da muka ci muka ƙoshi.

Likitar mace ce, 'yar Jugu, siririya mai tabarau. Da Dandanci ta yi mana magana, ni ce na mayar da ita Hausa a nan. Bayan an sa yaron barci ta duba idanunsa biyu, ta kira mu ofishinta, ta rufe ƙofa. Ta ce daji ne na cikin ido, mai kama ƙananan yara. Ta rubuta sunan a takarda, retinoblastom, na haddace shi kamar sunan maƙiyi. Ta ce na dama ya riga ya cika, ba ya gani tuntuni, dole a cire shi kafin cutar ta bi jijiya ta shiga kai. Na hagu kuwa lafiya lau.

Sai ta jawo kujera kusa da mu.

"Ku saurare ni da kyau, don idon da ya rage a kan maganar nan yake. Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, ido ba ya ganinsu. Kowace tana ɗauke da rubutun da ke gaya mata aikinta, da lokacin da za ta daina hayayyafa. In za ta rabu biyu, sai ta kwafi rubutun ta ba 'yarta. Wani lokaci a yi kuskure wurin kwafin, ƙwayar ta manta da tsayawa, ta yi ta haihuwa har ta zama ƙari. To, kuskuren nan iri biyu ne. Na farko, yaro ya zo duniya da rubutunsa daidai, daga baya kuskuren ya faru a ƙwaya guda, a cikin ido guda. Babu shi a ɗaya idon, babu shi a irin da zai haifi 'ya'ya da shi in ya girma. In an cire idon da wuri an rabu da shi, kuma ba a gadonsa."

Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Ta ɗaga yatsa biyu.

"Na biyu, kuskuren yana cikin irin da aka yi yaron da shi, na uba ko na uwa. Tunda daga irin nan duk jiki ya tsiro, kowace ƙwaya ta kwafe shi, daga gashi har farce. Ko an cire ido, yana nan cikin ɗayan yana jira. Mai ɗauke da shi kuma, duk cikin da aka samu da shi rabi da rabi ne, ko yaro ya ɗauka ko ya kuɓuta."

Idi ya gyaɗa kai. "Awa shinkahwa ke nan. Wadda tsutsa tac ci a gona daban, wadda irinta ad da aibi daban."

"Ka fi ni iya faɗi," in ji ta. Sai ta dubi fuskarsa. "Kai me ya samu idonka?"

"Ƙugiya ta, madam. Ina ƙarami."

"Ka tuna da kanka, ko gaya maka aka yi?"

Idi ya juya wajen uwarsa. Inna Kulu tana zaune a ƙasa, ta ƙi kujera, carbi a hannunta.

"Ƙugiya ta," ta ce. "Gabana anka yi." Sannan ta nuna ni da haɓa. "Amma uban ɗiyag ga, daji yak kashe shi. Kowa ya sani."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Gaskiya ne, mahaifina dajin hanta ya yi ajalinsa. Likita ta tambayi shekarunsa, na ce ya haura saba'in. Ta girgiza kai. Ta ce irin wannan galibi na farko ne, a jikinsa ya faro da tsufa, da shi aka rufe shi, kuma babu ruwansa da idon yaro. Ta sake duban Idi, ta daɗe tana dubansa.

"In ƙugiya ce, ɗanka ba ya gadon ƙugiya. Mai yiwuwa nasa na farkon ne. Amma gwajin jinin da ke raba su ba a yinsa a nan, sai ƙasar waje. Saboda haka ban yarda da kowa ba sai idona. Duk wata ku kawo shi, mu sa shi barci, in duba na hagu. In abin ya fito yana ƙarami kamar ƙwayar gero, ana iya ƙone shi da wani haske, ido ya tsira. In ya girma, ba ni da abin yi."

Ta faɗa, da kunnena na ji, ta kuma rubuta. Ba ni da abin da zan ɗora wa matar nan.

Aka yi aikin. Ba zan tsawaita a kan kwanakin nan ba. Yaro ɗan wata ashirin ba ya jin a bari, da ya farka sai ya kai hannu zai fizge auduga. Ni da Inna muka dinga karɓa-karɓa wajen riƙe masa hannuwa, ita tana masa waƙa tana kiransa angonta. Kwana goma aka sallame mu. Yara da saurin warkewa, kafin mu bar Paraku har yana bin kajin mai koko da gudu. A layin sallama na haɗu da wata mata 'yar Nikki da ɗiyarta. An cire wa yarinyar ido shekara huɗu da suka wuce, ga ta ɓul-ɓul, har ta shiga lakwal, ɗaya idon ko ƙwarzane babu. Na riƙe matar nan a zuciyata. Na ce namu ma haka ne, irin na farko ne, an cire an huta.

Randebu na farko, wato ranar da aka sa mana ta komawa, muka je, lafiya lau. Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali fiye da kima. Kafin na biyu kogi ya cika ya shanye fadama, shinkafar Idi ta tafi gaba ɗaya. Kafin na uku na haihu, aka samu Zainabu. Na tafi gidanmu wankan jego kwana arba'in, aka mayar da yaron Madekali. Na gama wanka sai ga kakar albasa, wadda in ta wuce mu shekara ta wuce. Takardar randebu na cikin kwanon samira a kan kabad, kullum ina ganin gefenta. Sau ɗaya Idi ya ce ko za a lallaɓa a je. Ni, da bakina, na ce masa ai madam ta ce an rabu da shi, a bari kasuwa ta lafa. Cikin maganganu biyu da likita ta yi, na zaɓi wadda ta yi mini daɗi na riƙe, na saki ɗayar. Wata bakwai ba mu taka Paraku ba.

Wata ranar kasuwa Idi ya zo da yaron rumfa. Na miƙa masa ƙosai, sai ya kai hannu gefe, ya damƙi iska. Ya karkata kai kamar kaza tana duban shaho, sannan ya same shi. Ya taka zai je wurin ubansa ya yi tuntuɓe da buhu, buhun da ko makaho ya san yana nan. Na ja shi bayan rumfa inda babu haske, na kunna fitilar salula na ɗauke shi hoto. Fari fat.

Ban san yadda na rufe rumfar ba.

Da muka koma Paraku, har da Inna Kulu, likita ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi. "Ina kuka shiga?" kawai ta ce, a hankali. Da ta gama dubawa ta ce ƙari uku ne, ɗaya ya yi girma, ya wuce na ƙonawa da haske. Ta ce tunda ya fito a ido na biyu, ba sai an yi gwajin ƙasar waje ba, na cikin iri ne. Ta sa aka duba Zainabu a ranar, nata lafiya. Idi ya ce alhamdu lillahi, tunda wan ya ɗauka ita ta kuɓuta ke nan. Likita ta ce a'a, ba rabon gado ba ne da wani zai cinye kason wani. Kowane ciki da nasa rabin. Ita ma duk wata za a kawo ta. Haruna kuma, in Allah ya raya shi, haka zai kasance da nasa 'ya'yan.

Muka fito da azahar muka zauna ƙarƙashin dogon yaro a filin asibiti. Yaron yana barci a cinyar Inna Kulu, maganin bai sake shi ba. Can sai ta fara magana, ba ta dubi kowa ba.

"Ba ƙugiya ba ta."

Idi ya ɗago.

"Kahin kai akwai wata ɗiya, Hajo. Ba ka ishe ta ba. Idonta yay yi hwari awa na wanga. Wani dokotoro yac ce a ɗebe shi, nic ce ba a taɓa mini ɗiya. Idon yak kumbura, yah hito waje. Shekara ukku tar rasu. Da naka yas soma, ubanka yaɗ ɗauke ka yak kai ka Yamai, sunka ɗebe. Da yak komo yac ce kowa yat tambaya a ce ƙugiya. Muna da ɗiya mata, in anka ji gidanmu da ciwon gado, wa za shi auren su?"

"Inna," in ji Idi, "madam ta tambaye ki. Gabana ta tambaye ki."

"Na ji ta. Amma sun ɗebe idon, sun bizne shi, shekara talatin da wani abu. Abin da anka bizne, ƙaƙa za shi tashi shi bi ɗa? Nic ce cikin raina ciwonka ya tahi da idonka." Ta shafa kan yaron. "Da nig ga hwarin a idon angona can Madekali, na gane shi. Wallahi na gane shi. Tsoro yak kama ni kar su ɗebe. Niy yi ta sa mai kwalli ina roƙon Allah."

Na so in yi ihu har Paraku ta taru. Na so in tambaye ta da wane baki ta ambaci ubana da ke kabari. Amma suruka ce, kuma ban taɓa ɗaga mata murya ba, bakin ya ƙi buɗuwa. Na tashi na zaga bayan ginin na dafa bango, na yi kukan da ban yi ba tun ranar hoton farko. Abin da ya fi cin raina, ko na zage ta, ba ita ta ɓoye takardar randebu ba. Da ta faɗi gaskiya, da ko ruwa ya kai wuya mun je duk wata, wannan na tabbata. Amma ko da ƙaryarta, ai an ce mu je. Har yau in na auna laifina da nata ban san wanda ya rinjaya ba.

Aka tura mu Kwatano, yini guda cur a mota. Can ne ake ƙarin ruwan maganin daji. Aka ce zagaye shida, ko ƙarin zai ƙanƙance har a samu a ceci ganin. Idi ya sayar da babur. Ƙanwata ta riƙe rumfa. Ni da jaririya a baya, yaro a kafaɗa, a garin da ko gaisuwarsu ban iya ba.

Zagaye na farko amai, kwana huɗu ko ruwa ba ya zama. Na biyu gashi ya zube, har na gira. Na uku bakinsa ya yi gyambo, sai da cokali nake ɗiga masa kunu yana kuka ina kuka. Jijiyoyin hannunsa suka ɓuya, a soka nan a soka can, har ya zama da ya ji ƙarar keken ma'aikatan jinya sai ya shige cikin zanena. Wani makon a ce jininsa ya yi ƙasa, a ɗage. Wani makon a ce maganin ya ƙare, mu nemo a farmasin waje, Idi ya yi ta zaga gari da takarda a hannu. Akwai masu jinyar da suka yi mana tsawa kamar mu muka kira cutar, akwai kuma wata dattijuwa cikinsu da kan hura masa safar hannu ta zama balan-balan don ya yarda a soka allura. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

A watannin nan na san ɗana. Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena na kirana. Da ɗan gefen idon da ya rage yake ganin duniya, sai ya manna fuskarsa a jikin abu kafin ya gane shi. Yana son jan launi. Yana son ya leƙa fuskar Zainabu har hancinsu ya haɗu, ita ta kama kunnensa, shi ya yi ta ƙyalƙyala dariya.

Bayan zagaye na huɗu suka ce ƙarin ya ragu. Na yi sadakar masa a bakin masallacin Zango. Bayan na shida suka sa shi barci suka duba, suka kira mu. Ƙarin ya dawo, ya watsu a cikin idon, ya kusa jijiya. Suka ce zaɓi biyu ne, ido ko rai, kuma ba su da tabbacin mako nawa ya rage kafin zaɓin ya fita daga hannunmu.

Idi ya ce bai yarda ba. Kwana biyu ba ya ci ba ya magana, sai ya zauna bakin gadon yana duban yaron da idonsa ɗaya. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Ni nib ba shi abin ga, Rakiya. Ban ba shi gona ba, ban ba shi gida ba, wanga niz zuba mai a jiki. In kina so in sawwaƙe miki ki samu mai iri na ƙwarai, ba ni ganin laihinki." Na ce masa ya rufe mini baki, shi ma ba a kasuwa ya sayo ba, ba shi aka yi. Likita ma ta ce mutum na iya ɗauke da shi bai taɓa ciwo ba, don haka ko tsakanin Inna da marigayi mijinta ba wanda ya san daga wa ya gangaro.

Inna Kulu ce ta raba gardamar. Tun Paraku ban ƙara yi mata magana ba in ba gaisuwa ba. Aka kira ta a salula, Idi ya buɗe murya, na ji ta daga Madekali, ga kukan awaki a bayanta.

"Idi, sa hannu su ɗebe. Hajo na hana, na bizne ta. Kai na bari, ga ka kana magana da ni. Sa hannu."

Ya sa.

Ga abin da nake roƙon duk wadda ta karanta wannan. Ki dubi idon ɗanki, ko na fari ne, ko a gaban wa. In kin ga fari a tsakiyar ido, a hoto ko a fili, ko ido ya fara karkacewa, kada ki tsaya nono da kwalli, ki nemi likitan ido a makon. In an tambaye ku ciwon gida, ku faɗi gaskiya, ku matsa wa tsofaffi su faɗa, har yaran da suka rasu ba a ambatonsu. Ba kowane daji ake gado ba, wani a jikin mai shi yake farawa ya ƙare. Amma wanda ke cikin iri, cire gaɓar da ta kamu ba ya cire shi, kuma ba ka gane wanne ne da ido. In an ba ku randebu ku je, ko me ake yi. Duk wata sai an duba Zainabu, ko a Kwatano ba mu fasa ba, daga yanzu kuma Paraku zan dinga hawa mota da ita. A sa ta barci, in zauna a benci ina jira, a fito a ce lafiya, in dawo in fara ƙirga wani watan. Ban san ko tana ɗauke da shi ba, kuma ba mai iya gaya mini.

Mako uku ke nan da muka dawo Malanbil. Raunin ya warke. Likitoci sun ce jijiyar ba ta kamu ba, muna godiya ga Allah. Yana ci, ya fara mayar da jiki, gashi ya fara tsirowa. Kwanakin farko bai tambayi komai ba, don ya saba in an naɗe masa fuska wata rana a kwance. Ya ɗauka har yanzu audugar ce.

Shekaranjiya da tsakar rana ina tsakar gida ina tsince albasa, rana ta take har ƙasa na ƙona ƙafa. Ya lallabo yana bin bango, ya bi muryata har ya same ni, ya zauna a cinyata. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ji babu komai a kai. Ya kasa kunne yana sauraren tattabarun maƙwabta da masu tallan ruwa a waje.

"Yaya," ya ce, "kowa ya tashi?"

Na ce kowa ya tashi.

"To yaushe gari za shi waye?"

Wata da watanni ina shirya amsar tambayoyin likitoci, ta dangi, ta maƙwabta. Wannan ban shirya mata ba. Na rungume shi, na ce masa saura kaɗan. Ya ce to, ya kwantar da kai a ƙirjina yana jira.

Jiya ma ya tambaya. Yau ma.